Shari'ar Bayan Labule: Kotunan Musamman a Zamanin Mulkin Soja a Nijeriya

Tsakanin watan Janairun 1966 da watan Mayun 1999, in aka cire shekaru huɗu da 'yan watanni na Jamhuriya ta Biyu da ɗan taƙin gwamnatin riƙon ƙwarya ta 1993, sojoji ne suka riƙe ragamar Nijeriya, kuma daga cikin abubuwan da suka bari a tarihin shari'ar ƙasar babu wanda ya kai kotun musamman nauyi. Abin da ake nufi da kotun musamman shi ne zaman shari'a da gwamnati kan kafa da dokar soja, wato dokar da shugaban mulki ke sa wa hannu ta fara aiki ba tare da ta bi ta wata majalisar dokoki ba, domin hukunta wani laifi na daban ko wasu mutane na daban, a wajen jerin kotunan da aka saba da su. Gwamnati ce ke zaɓen waɗanda za su zauna a cikinta, sau da yawa bayan an riga an san waɗanda za a gurfanar, kuma akan sa hafsoshin soja a ciki, ko dai su kaɗai ko tare da alƙali guda. Ba a ɗaukaka ƙara daga hukuncinta, sai dai a miƙa shi ga majalisar mulkin soja ta tabbatar ko ta sassauta, alhali ita wannan majalisa ita ce ta yi dokar, ita ce ta naɗa masu shari'ar, kuma a shari'o'in juyin mulki ita ce ma ake zargin an so a kifar. A kan haka ne kuma akan ƙara rufe ƙofa, a hana 'yan jarida da dangi da lauyoyin da mutum ya zaɓa wa kansa shiga.

Tushen al'amarin yana cikin shekarar 1970, inda abubuwa biyu suka faru kusa da juna. Na farko shi ne shari'ar Lakanmi, wadda a cikinta Kotun Ƙoli ta yanke cewa gwamnatin Janar Yakubu Gowon ba ta da ikon ƙwace dukiyar mutane ta hanyar jera sunayensu a cikin doka, domin yin haka shiga aikin alƙali ne. Cikin makonni kaɗan gwamnati ta mayar da martani da Doka ta 28 ta 1970, wadda ta soke wannan hukunci, ta kuma hana kowace kotu tuhumar ingancin dokar soja. Na biyu shi ne Doka ta 47 ta wannan shekarar, wadda ta kafa kotunan fashi da makami bayan da makaman yaƙin basasa suka watsu a hannun jama'a. Kowace irin wannan kotu tana da alƙali da hafsan soja da jami'in 'yan sanda, hukuncinta harbi ne, kuma gwamnan soja na jiha ne ke tabbatar da shi. Jama'ar da 'yan fashi suka addaba sun yi na'am da ita, har dubban mutane suka riƙa cika bakin tekun Bar Beach a Legas domin kallon harbi, kamar yadda aka yi ranar da aka harbe Ishola Oyenusi a watan Satumban 1971. Kaɗan ne a lokacin suka lura cewa abin da aka amince a yi wa ɗan fashi, wato a raba shi da damar ɗaukaka ƙara, ya zama ƙa'idar da za a iya miƙa ta zuwa kan kowa.

Ba a daɗe ba kuwa aka miƙa ta. Bayan kashe Janar Murtala Muhammed ranar 13 ga Fabrairun 1976 a yunƙurin juyin mulkin Laftanar Kanar Buka Suka Dimka, an kafa kotun soja ta musamman wadda ta yi zamanta a asirce, aka harbe mutum 32 ranar 11 ga Maris, cikinsu har da kwamishinan tsaro Manjo Janar Iliya Bisalla, sannan aka ƙara harbe mutum 7 ranar 15 ga Mayu, cikinsu da Dimka kansa da Joseph Gomwalk, tsohon gwamnan Jihar Binuwai-Filato. Laifin Dimka ba abin musu ba ne, tunda da bakinsa ya sanar da juyin mulkin a rediyo, kuma baƙin cikin da ƙasa ta shiga saboda rashin Murtala na gaskiya ne. Sai dai hujjojin da aka kama Bisalla da Gomwalk da su ba a taɓa baje su a gaban jama'a an gwada ƙarfinsu ba, kuma da yake da yawa daga cikin waɗanda aka harbe 'yan yankin Binuwai-Filato ne, mutanen yankin sun daɗe suna kallon shari'ar a matsayin ramuwa a kansu. Gowon, wanda aka zarga da hannu yana karatu a Ingila, ya tsira ne saboda Birtaniya ba ta miƙa shi ba, kuma a 1981 Shugaba Shehu Shagari ya yi masa afuwa.

A nan ya kamata a tsaya a kan abin da rufe ƙofa ke kashewa, domin ba sabon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Alƙali a al'adar shari'ar Musulunci yakan zauna a fili, mai ƙara da wanda ake ƙara suna gabansa, a kawo shaida a gaban wanda ake shaida a kansa, a ba shi damar sukar mai shaidar, kuma kafin a yanke hukunci a yi masa i'izari, wato a tambaye shi ko yana da sauran hujja ko abin cewa. Kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci a arewacin Nijeriya sukan rushe hukunci saboda rashin i'izari kaɗai. Dokar da aka gada daga Turawa ma ta tsaya a kan cewa ba a hukunta mutum sai an ji ta bakinsa, kuma mutum ba ya zama alƙali a shari'ar da yake da ruwa da tsaki a cikinta. Amfanin waɗannan sharuɗɗa ya wuce kare wanda ake tuhuma, domin su ne ke sa mutumin da bai halarci zaman ba ya yarda cewa hukuncin gaskiya ne. Gwamnatin da take da hujja mai ƙarfi ita ce ta fi kowa cin ribar shari'ar fili, don haka duk lokacin da gwamnati ta guje wa alƙalin da ta tarar a kan kujera ta ƙirƙiri nata, ta sa labule, to ta bayyana da kanta cewa ba ta amince hujjarta za ta tsaya a gaban wanda ba ta iya juyawa ba.

Shekarar 1984 ce ta fi nuna wannan asara ƙarara, saboda a wannan karon akwai laifi na gaske da jama'a ke son a hukunta. Gwamnatin Manjo Janar Muhammadu Buhari, wadda ta kifar da Jamhuriya ta Biyu ranar 31 ga Disamban 1983, ta tarar da baitulmali a wawashe, ta kuma kafa kotunan soja na ƙwato dukiyar jama'a da Doka ta 3 ta 1984, masu zama a Legas da Ibadan da Inugu da Jos da Kaduna. Hafsan soja ne ke shugabantar kowace, alƙalin da ke ciki mamba ne kawai, mafi ƙarancin hukunci shi ne ɗaurin shekara 21, ana sauraron shari'a a asirce sai ranar karanta hukunci a buɗe ƙofa. Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya ta umarci 'ya'yanta su ƙaurace wa kotunan, in ban da Gani Fawehinmi da ya bijire wa umarnin saboda tsananin ƙin cin hanci. An ɗaure tsofaffin gwamnoni da dama, irin su Bisi Onabanjo na Ogun da Abubakar Rimi da Sabo Bakin Zuwo na Kano da Solomon Lar na Filato da Jim Nwobodo na Anambra. Adekunle Ajasin na Ondo kuwa, dattijon da ya haura shekara saba'in, kotun ta wanke shi amma aka ci gaba da tsare shi da Doka ta 2, wadda ta ba gwamnati ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba, abin da ya nuna cewa hukuncin kotun yana aiki ne kawai idan ya dace da abin da ake so.

Da an yi waɗannan shari'o'i a fili, an karanta takardun banki da na kwangila a gaban 'yan jarida, an bar lauyoyi sun yi ja-in-ja a kan kowane adadi, da ƙasar ta sami rubutaccen tarihin yadda aka ci dukiyarta, da kuma an bambance wanda ya sa kuɗi a aljihunsa da wanda ya karkatar da su ga jam'iyyarsa da wanda ba shi da laifi sam. Abin da ya faru maimakon haka shi ne, bayan Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki ranar 27 ga Agustan 1985 ya kafa kwamitoci ƙarƙashin Mai Shari'a Mohammed Bello da Mai Shari'a Samson Uwaifo domin sake duba al'amarin waɗanda aka ɗaure da waɗanda aka tsare, aka rage hukunce-hukunce, aka sallami mutane, kuma kowannensu ya fito yana da damar cewa zalunci aka yi masa, babu mai iya ƙaryata shi. Kafin a yi shekara goma Rimi da Lar sun zama ministoci, daga baya Nwobodo ma ya zama, kuma Lar ne ya fara shugabantar jam'iyyar PDP. Kotun asirin ta ɗaure mutane na ɗan lokaci, ta kuma kasa tabbatar wa al'umma laifin ko da mutum guda.

A wannan zamanin ne kuma aka yi Doka ta 4, wadda ta sa buga labarin da zai kunyata gwamnati ya zama laifi, aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara guda a 1984 saboda labarin naɗin jakadu. Mafi muni ita ce Doka ta 20, wadda aka mayar da fara aikinta baya, ta yadda ta hau kan laifin da aka aikata kafin a rubuta ta. Da ita aka harbe samari uku a Legas a watan Afrilun 1985 saboda safarar miyagun ƙwayoyi, alhali aƙalla ɗaya daga cikinsu ya aikata laifinsa a lokacin da hukuncinsa ba kisa ba ne. Buhari kansa, bayan an kifar da shi, ya shafe fiye da shekara uku a tsare a birnin Benin ba tare da an gurfanar da shi a gaban kowace kotu ba.

Babangida ya shigo da alkawarin kare haƙƙin ɗan Adam, ya soke Doka ta 4, amma bai rabu da kotun musamman ba. A watan Disamban 1985 aka kama Manjo Janar Mamman Jiya Vatsa, ministan Babban Birnin Tarayya, marubucin waƙoƙi kuma abokin Babangida tun suna makaranta a Bida, bisa zargin shirya juyin mulkin da ba a kai ga harba ko harsashi ɗaya ba. Kotun da Manjo Janar Charles Ndiomu ya shugabanta ta dogara ƙwarai a kan naira 10,000 da Vatsa ya ba Laftanar Kanar Musa Bitiyong, kuɗin da shi Vatsa ya ce rancen noma ne. Marubuta uku, Chinua Achebe da Wole Soyinka da J. P. Clark, sun je barikin Dodan wajen Babangida suna roƙon a yi sassauci, amma ranar 5 ga Maris 1986 aka harbe Vatsa da wasu hafsoshi 9, kuma sai bayan an gama ne ministan tsaro Domkat Bali ya sanar da ƙasa. Shekaru bayan haka Bali da kansa ya faɗa wa 'yan jarida cewa ba shi da tabbacin hujjojin sun kai a kashe Vatsa. Bayan yunƙurin Manjo Gideon Orkar na 22 ga Afrilun 1990, wanda a jawabinsa ya ce ya cire jihohin Sakkwato da Barno da Katsina da Kano da Bauci daga Nijeriya, an harbe mutum 42 a watan Yuli da wasu 27 a watan Satumba, akasarinsu ƙananan sojoji, bayan shari'ar da ba wanda ya ga yadda aka auna laifin kowannensu.

Asiri kuma ba iri ɗaya ba ne, domin akwai kotun da ƙofarta ke buɗe amma an toshe duk hanyar da za a bi a gyara kuskurenta. Irin wannan ce aka kafa da Dokar Tarzoma ta 1987 bayan rikicin Kafanchan, aka kuma yi amfani da ita bayan rikicin Zangon Kataf na 1992, wanda ya taso daga saɓani a kan sauya wa kasuwa wuri tsakanin Katafawa da Hausawan garin, ya ci ɗaruruwan rayuka, ya bazu har Kaduna da Zariya. Kotun Mai Shari'a Benedict Okadigbo ta gurfanar da Manjo Janar Zamani Lekwot mai ritaya da wasu manyan Katafawa, kuma ana tsakiyar shari'a gwamnati ta fitar da Doka ta 55 ta 1992 wadda ta hana su kai kuka wata kotu, lauyoyinsu suka janye, aka yanke hukuncin kisa a farkon 1993, daga baya aka mayar da shi ɗaurin shekara biyar. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta yanke cewa an tauye musu haƙƙin shari'ar adalci. Katafawa sun ɗauka an zalunci shugabanninsu, Hausawan da suka binne 'yan'uwansu sun ɗauka an sassauta wa masu laifi, ita kuwa tsohuwar rigimar ƙasa da sarauta da ta haifi tarzomar, wadda aikin siyasa ne warware ta, kotun ba ta taɓa ta ba.

A zamanin Janar Sani Abacha ne kotun musamman ta zama hanyar kawar da abokan hamayya kai tsaye. A ƙarshen 1994 taron tsara kundin mulki ya amince da ƙudurin cewa sojoji su sauka a watan Janairun 1996, kuma Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa mai ritaya na cikin waɗanda suka fi tura wannan ƙuduri. A watan Maris na 1995 aka kama shi, aka kama Janar Olusegun Obasanjo da Kanar Lawan Gwadabe da wasu, bisa zargin juyin mulkin da har yau mutane da yawa ke ganin ƙage ne. Kotun Birgediya Patrick Aziza ta zauna a asirce a Legas, lauyoyin waɗanda ake tuhuma hafsoshi ne da soja suka ba su, ta kuma kama fiye da mutum 40 da laifi. Cikinsu akwai 'yan jarida huɗu, Chris Anyanwu da Kunle Ajibade da George Mbah da Ben Charles Obi, waɗanda laifinsu bai wuce abin da aka buga game da zargin ba, akwai Shehu Sani, akwai kuma Dakta Beko Ransome-Kuti, wanda aka ɗaure saboda ya fitar da bayanin kare kai na Kanar Bello-Fadile, ɗaya daga cikin waɗanda ake tuhuma, zuwa ga duniya. Ke nan fallasa abin da aka faɗa a cikin kotu ya zama cin amanar ƙasa. Matsin lamba daga waje ya sa a watan Oktoba aka mayar da hukuncin kisan 'Yar'aduwa ɗaurin shekara 25, aka kuma rage ɗaurin Obasanjo zuwa shekara 15, amma 'Yar'aduwa bai fito ba, ya rasu a tsare a Abakaliki ranar 8 ga Disamban 1997.

Wata guda bayan wannan sassauci aka rataye Ken Saro-Wiwa da wasu 'yan Ogoni 8 a Fatakwal. An tuhume su da hannu a kisan wasu manyan Ogoni huɗu ranar 21 ga Mayun 1994, a daidai lokacin da ƙungiyarsu ta MOSOP ke jayayya da gwamnati da kamfanin Shell a kan gurɓatar ƙasarsu da rabon arzikin mai. Kotun da Mai Shari'a Ibrahim Auta ya shugabanta, mai mamba uku ciki har da hafsan soja, an kafa ta da waccan Dokar Tarzoma ta 1987. Lauyoyin da ke kare su, ƙarƙashin Gani Fawehinmi, sun janye saboda abin da suka kira son kan kotun, kuma biyu daga cikin shaidun gwamnati sun yi rantsuwa a rubuce cewa sayen su aka yi. An yanke hukunci a ƙarshen Oktoban 1995, Majalisar Mulki ta Wucin Gadi ta gwamnatin Abacha ta tabbatar da shi ranar 8 ga Nuwamba, aka zartar ranar 10 ga wata, lokacin da shugabannin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ke taro a Auckland, inda nan take suka dakatar da Nijeriya. Iyalan waɗancan mutum huɗu da aka kashe suna da haƙƙin sanin wanda ya kashe musu iyaye, kuma shari'ar da aka yi ta raba su da wannan haƙƙi kamar yadda ta raba mutum taran da rayukansu.

Wanda ya bi jerin sunayen nan zai ga cewa waɗanda suka yi aiki da wannan kotu sun riƙa faɗawa hannunta ɗaya bayan ɗaya, abin da Hausawa ke nufi da cewa in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Obasanjo da 'Yar'aduwa su ne na ɗaya da na biyu a gwamnatin da ta tabbatar da harbin 1976. Laftanar Janar Oladipo Diya, wanda yake mataimakin Abacha lokacin da aka tabbatar da hukunce-hukuncen 1995, an kama shi a watan Disamban 1997, aka gurfanar da shi a Jos a gaban kotun Manjo Janar Victor Malu. A zaman farko, wanda aka bar 'yan jarida suka shiga, Diya ya ce tarko aka ɗana masa, ya tambayi dalilin da ya sa babban hafsan sojan ƙasa Ishaya Bamaiyi ba ya cikin waɗanda ake tuhuma, kuma bayan wannan zama aka rufe ƙofa. Ranar 28 ga Afrilun 1998 aka yanke masa hukuncin kisa tare da Manjo Janar Abdulkarim Adisa da Manjo Janar Tajudeen Olanrewaju da wasu, kuma mutuwar Abacha ranar 8 ga Yuni ce ta tsayar da zartarwa. Dalilin wannan maimaici yana cikin tsarin mulkin kansa, domin gwamnatin da ta zo da bindiga, ta rufe majalisa da jam'iyyu, ba ta bar wata halattacciyar hanya ta nuna saɓani ko sauya shugaba ba, saboda haka duk ƙorafin da hafsoshi suka yi a tsakaninsu yana iya zama shirin juyin mulki a idon mai mulki, kuma ba shi da wurin da zai kai zarginsa a tace masa gaskiya da ƙarya, tunda shi ya rushe wurin.

Kafin Janar Abdulsalami Abubakar ya miƙa mulki ranar 29 ga Mayun 1999 ya saki waɗanda aka ɗaure a shari'o'in 1995 da 1998, ya soke da yawa daga cikin dokokin nan, aka mayar da shari'o'in kotunan musamman hannun manyan kotuna. Kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada a sashe na 36 cewa za a saurari shari'a a bainar jama'a, a gaban kotun da aka tsara ta yadda za ta kasance mai cin gashin kanta, cewa wanda ake tuhuma yana da damar ɗaukar lauyan da yake so, kuma ba za a hukunta mutum da dokar da ba ta nan lokacin da ya aikata abin ba, sannan sashe na 4 ya hana majalisa yin dokar da za ta ƙwace ikon kotuna. Obasanjo, wanda ya fito daga kurkukun Yola ya zama shugaban ƙasa, ya kafa hukumar binciken take haƙƙin ɗan Adam ƙarƙashin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa, wadda ta zauna a fili ana nuna ta a talabijin, inda waɗanda suka bi ta cikin kotunan nan suka bayyana irin azabar da aka gana musu kafin su sa hannu a kan takardun amsa laifi. Buhari da Babangida da Abdulsalami sun ƙi bayyana a gabanta. Hukumar ta miƙa rahotonta a watan Mayun 2002, Kotun Ƙoli ta yanke a 2003 cewa ba ta da ikon tilasta wa shaidu halarta a wajen Babban Birnin Tarayya, gwamnati kuma ta fake da wannan hukunci ta ƙi fitar da rahoton a hukumance, har sai da wasu ƙungiyoyin farar hula suka sa shi a intanet a 2005.